Layin da ba a gani: Guideline ko Barrier a fam ɗin rajista?

Sadiq Tudun Jukun:
Assalamu alaikum. Manya, ina neman shawara. Ina haɗa wa wata Islamiyya a unguwarmu manhajar rajistar ɗalibai, ta Android ce, da XML nake tsara shafukan. A shafin rajista laƙabi yana hagu, akwatin da za a cike yana dama. A cikin ConstraintLayout, tsarin da ake ɗaure abu da abu a shafi, na kafa Guideline, wato layin jagora da ba a gani, a tsaye a kashi 30 cikin 100 na faɗin shafin, na ɗaure laƙabai daga gefen waya zuwa layin, akwatuna kuma daga layin zuwa ɗaya gefen. Da Turanci komai tsaf. Da na juya manhajar zuwa Hausa sai "Lambar wayar mahaifi ko mariƙi" ta kakkarye gida uku a kan Itel ɗin shugaban makarantar, akwatin gefenta ya zama kamar yana lilo. In matsar da layin zuwa kashi 45 ne, ko akwai wata dabara?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam. Kafin ka matsar da komai, yi lissafin da kanka. Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu faɗinsu 360dp ne, dp kuwa ma'aunin tsawo ne a fuskar Android. Kashi 30 na 360 shi ne 108. Cire 16 na tazarar gefe, saura 92dp. A cikin 92dp kake so jimla mai haruffa talatin ta zauna a layi ɗaya? Ba za ta zauna ba. In ka kai layin kashi 45 kuma, a Turanci za ka samu fili fetal tsakanin gajerun laƙabai da akwatunansu, akwatin adireshi ya tsuke a banza.

Guideline bai san abin da ke rubuce a shafi ba. Iyakar saninsa girman uwar shafin da aka sa shi a ciki. Hanya uku kawai ake kafa shi: layout_constraintGuide_begin, nisa daga farko, layout_constraintGuide_end, nisa daga ƙarshe, ko layout_constraintGuide_percent, daga 0 zuwa 1. Duk ukun babu wanda yake duban rubutu. Abin da kake buƙata Barrier ne, wato shinge. Ka ba shi barrierDirection ya zama end, ka jera sunayen laƙaban a constraint_referenced_ids, shi kuma ya tsaya a ƙarshen wanda ya fi tsawo a cikinsu. Sai ka ɗaure farkon akwatuna da shi, ka ba su faɗin 0dp su cike ragowar.

Sadiq Tudun Jukun:
Na gode Injiniya. Shi ma ba ya fitowa a fuskar waya ke nan?

Injiniya Bashir:
Ba ya fitowa. Dukansu kamar igiyar magini ne: yana ja ta don bulo ya miƙe, mai gida ya tare bai taɓa ganinta ba. Bambancin inda aka kafa turken. Na Guideline kai ke kafa shi da ma'auni, na Barrier abin da ke cikin shafin ne ke tura shi.

Hajara UI:
Yaya Bashir, da izininka, ni ban yarda da tushen maganar ba. Ku duka biyun kuna gyaran abin da bai kamata a yi shi tun farko ba. Wa ya ce laƙabi sai ya zauna gefen akwati a waya? Ku ɗora shi a sama. TextInputLayout yana nan, laƙabin yana cikin akwatin, in an fara rubutu ya hau sama ya ƙanƙance. Kowane akwati ya samu faɗin shafi gaba ɗaya, ko da Hausa ko da Larabci ko da Fulatanci. Ba layi, ba shinge, ba rigima. Laƙabi a gefe tsarin kwamfutar tebur ne, inda fili ya yi yawa.

Sadiq Tudun Jukun:
Anti Hajara, na nuna musu hakan. Shugaban makarantar ya ce yana so ya yi kama da fam ɗin takarda da suka saba da shi, saboda malaman da za su riƙa cikewa dattawa ne, ido ya riga ya saba da suna a nan, layin cikewa a can.

Hajara UI:
To ai dattawan nan su ne hujjata. Ka taɓa karɓar wayar dattijo ka duba? Abu na farko da jikansa yake yi masa shi ne ƙara girman rubutu. Tun daga Android 14 ana iya kai shi kashi 200 cikin 100. In ka auna rubutunka da sp, ma'aunin da ke bin girman rubutun da mai waya ya zaɓa, kamar yadda ya dace, laƙabin nan zai kumbura, Barrier ɗin Yaya Bashir ya bi shi sau da ƙafa har ya kusa bango, akwatin lambar waya ya koma ba ya ɗaukar lamba huɗu. Barrier ba shi da birki. Duk inda rubutu ya je, can zai je.

Injiniya Bashir:
Wannan gaskiya ce, kuma nan ne Guideline ɗin Sadiq yake da amfani. Kada ka goge shi, ka sauya masa aiki. Kai shi 0.45 ya zama iyaka. Kowane laƙabi ka bar faɗinsa wrap_content, ka ɗaure farkonsa da gefen shafi, ƙarshensa da Guideline, ka sa layout_constraintHorizontal_bias ya zama 0 don ya manne a farko, sannan ka kunna layout_constrainedWidth. Ma'anar wannan na ƙarshe ita ce laƙabi zai yi girman rubutunsa, amma in ya iso layin dole ya karye ya sauko ƙasa, ba zai tsallaka ba. Barrier kuma yana nan yana bin mafi tsawo. In rubutu gajere ne, akwatuna su matso su ci fili. In ya yi tsawo, mafi muni akwati ya samu kusan rabin shafi. Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada ka ɗaure laƙabin da Barrier ɗin da ke dogara da shi. Barrier na jiran laƙabi, laƙabi na jiran Barrier, sai ka ga abubuwa sun taru a kusurwa.

Mubarak Kongo:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa ba za a yi da LinearLayout, mai jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kawai ba? Kowane layi LinearLayout kwance, a ba laƙabi layout_weight 3, akwati 7. Haka aka koya mana, kuma yana aiki.

Injiniya Bashir:
Yana aiki, amma abin da ka yi Guideline ne na kashi 30 da ka maimaita sau takwas. Matsalar Sadiq tana nan daram, ka kuma ƙara wata: ranar da za a sauya rabon sai ka bi layi takwas ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma nauyi. LinearLayout mai weight yakan auna 'ya'yansa sau biyu, in ka saka wani cikin wani awon yana ninkuwa. Dalilin da Google ta fito da ConstraintLayout ke nan a taronta na I/O na 2016, don shafi ya zama shimfiɗa ɗaya ba akwati cikin akwati cikin akwati ba. Barrier da Group sun shigo ne a siga ta 1.1 a 2018, Flow da MotionLayout a 2.0 a 2020.

Mubarak Kongo:
A fam mai layi takwas wa zai ji wannan nauyin, Oga?

Injiniya Bashir:
A wannan fam ɗin babu mai ji, na ba ka wannan. A jeri mai gungurawa kan waya mai RAM 2GB za ka ji.

Malam Nura:
Tunda an ambaci jeri, bari in sa baki, don kada yaro ya fita daga nan da tunanin cewa Barrier ya fi Guideline a ko'ina. Sadiq, manhajarka za ta nuna jerin ɗalibai, ko ba haka ba? Suna, aji, kuɗin wata da aka biya. Da RecyclerView, abin da ake yin jeri mai gungurawa da shi, za ka yi shi, kuma kowane layi a RecyclerView shafi ne mai zaman kansa. In ka sa Barrier a ciki, na layin "Ali Isa" zai tsaya bayan haruffa bakwai, na layin "Ummulkhairi Abdurrahman" ya tsaya can nesa. Barrier na layi na farko bai san da na biyu ba. Sai ka ga ginshiƙin aji yana tafiya a karkace daga sama har ƙasa, mai duba kuɗi yana bin sa da yatsa yana ɓata. A nan Guideline ne sarki: kashi 55 na suna, kashi 75 iyakar aji, sauran na kuɗi. Tunda duk layukan faɗinsu ɗaya, layin zai faɗo wuri ɗaya a kowanne. Sunan da ya wuce gona da iri ka sa masa ellipsize ya yanke da ɗigo uku, ko ka bar shi ya yi layi biyu.

Abin tambaya kullum shi ne wa ya kamata ya yanke inda gefen nan zai tsaya. In rubutun da ke cikin shafin ne, Barrier. In girman wayar ne, ko wasu shafukan da dole su daidaita da wannan, Guideline.

Hajara UI:
Malam, wannan na jeri na karɓa hannu biyu. A Figma ma haka muke yi, ginshiƙai ne tsayayyu. Amma na fam har yanzu ina kan bakata.

Malam Nura:
Ki tsaya a kai, ba ki yi kuskure ba. Sai dai mai biyan kuɗin aiki ya ce ga yadda yake so.

Kabiru Bakano:
Kai Zage-zagi! Jami'a tun 1962 a garinku, amma har yau kuna zaune kuna musu a kan XML. Jetpack Compose, hanyar tsara shafin Android ba da XML ba, ya fito tun Yulin 2021. Row, Column, Modifier.weight, an gama. Zurfin shimfiɗa ma ba ya damun Compose yadda yake damun tsohon tsari, don ba ya barin a auna abu sau biyu a zagaye ɗaya. Ku taho Kano a koya muku.

Malam Nura:
Bakano, kasuwa muka sani a wurinku, karatu kuwa nan kuke zuwa nema. Amsa mini wannan: a Compose, yaya za ka sa akwatuna takwas su fara daga ƙarshen laƙabi mafi tsawo, kuma kowane laƙabi ya daidaita da akwatinsa ko da ya karye layi biyu?

Kabiru Bakano:
Column biyu a cikin Row ɗaya.

Malam Nura:
Laƙabi na uku ya zama layi biyu, na huɗu ya sauka ƙasa, akwatinsa bai sauka ba. Sai kuma me?

Kabiru Bakano:
To, sai in rubuta Layout nawa na kaina in auna su. Ko in ɗauko ConstraintLayout na Compose.

Malam Nura:
Wanda a cikinsa akwai createGuidelineFromStart da createEndBarrier. Ka zagaya ka dawo Zariya.

Kabiru Bakano:
Na ji. Amma a shafi goma, tara ba sa buƙatarsa, wannan ba za ku ƙwace mini ba.

Zainab iOS:
Mu a ɓangaren Apple abin da ya yi kama da wannan shi ne UILayoutGuide, ya zo da iOS 9 a 2015. Kafin nan mutane kan jefa UIView marar komai a shafi don kawai ya riƙe tazara, alhali yana cin ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma ya tare taɓawar da aka nufi wani maɓalli da ita. Bambancinsa da naku shi ne namu murabba'i ne mai faɗi da tsawo, ba layi kawai ba, don haka za ka iya cewa ga fili nan, a tsakaita abu uku a cikinsa. Abin da kuke kira Barrier kuwa da "ya kai ko ya fi" muke yin sa: gefen jagoran ya kai ko ya wuce ƙarshen kowane laƙabi, sannan a sa wata ƙa'ida mai rauni da ke jan sa baya. Auto Layout a kan lissafin Cassowary aka gina shi, wanda masu bincike suka fitar tun shekarun 1990. Duk dangantaka ce ake rubutawa, injin ya warware.

Wanda ya fi muhimmanci a wurinmu safeAreaLayoutGuide ne, na iOS 11, shekarar da iPhone X ya zo da tsagar nan ta sama, 2017. Sadiq, ina fatan ba ka kafa layi a kwance don kauce wa sandar agogo da batir ba?

Sadiq Tudun Jukun:
Akwai ɗaya a 24dp daga sama, a shafin farko mai hoton makaranta.

Injiniya Bashir:
Wannan 24dp na zamanin da wayoyi ba su da ramin kyamara ne. A Tecno da Infinix na yanzu sandar ta fi haka tsayi, kuma ba ɗaya ba ce daga waya zuwa waya. Sannan manhajar da ta nufi API 35, wato matakin Android 15, a kan Android 15 shafinta zai shimfiɗu da kansa har ƙarƙashin sandar sama da ta ƙasa. Layin ya zauna, amma lambar kada ta fito daga kanka, ka tambayi wayar. Ka sa ViewCompat.setOnApplyWindowInsetsListener a kan uwar shafin, ka karɓi insets na systemBars, wato filin da sandunan suka ci, ka miƙa na sama ga setGuidelineBegin, na ƙasa ga setGuidelineEnd na wani layin. Lura, pixel suke karɓa ba dp ba, kuma insets ɗin ma a pixel suke zuwa, don haka kada ka juya komai. Daɗin abin shi ne layi ɗaya ka motsa, duk abin da ke ɗaure da shi ya bi. Hoton bango ya haye har sama, rubutu da maɓallai su tsaya ƙasan layin.

Mubarak Kongo:
Padding a uwar shafin ba zai yi wannan ba?

Injiniya Bashir:
Zai yi in duk abin da ke ciki kake so ya sauko. In hoton da ke ciki kake so ya haye, rubutu ya tsaya, padding zai sauko da su duka.

Hajara UI:
Tunda an zo kan layin kwance, ku bar ni in yi ƙorafina. Masu kafa Guideline a kwance da kaso, Allah ya shirye ku. An kawo mini wata manhajar sayar da kati in duba: tambari daga sama zuwa kashi 35, akwatuna daga 35 zuwa 80, maɓallin "Biya" daga 80 zuwa ƙasa. A hoto kyau kamar me. Na taɓa akwatin lambar waya, allon rubutu ya taso ya cinye kusan rabin fuskar, tagar ta tsuke, kason nan duk suka tsuke tare da ita. Akwatin lamba ya hau kan na adadin kuɗi, maɓallin ya koma siriri, babban yatsa ba ya samun sa. Ƙa'idar Android ita ce abin taɓawa kada ya gaza 48dp. Kaso bai san da wannan ba. Faɗin waya kusan tsayayye ne, 360, 384, 412, amma tsayi yana sauyawa ko a waya ɗaya: allon rubutu, raba fuska biyu, kwantar da waya. Ga kuma ScrollView. In shafin na ciki ne, kashi 50 ba tsakiyar fuskar waya ba ne, tsakiyar duk abin da ake gungurawa ne.

Malam Nura:
Na tsaye ma yana da nasa. Kashi 30 a kwamfutar hannu mai faɗin 800dp ya zama 240dp, "Aji" na zaune shi kaɗai a wannan fili. Maganinsa mai sauƙi ne: kada ka rubuta lambar a cikin shafin, ka ajiye ta a fayil ɗin values, ka yi wata a values-sw600dp. Shafi ɗaya, ma'auni biyu, wayar ta zaɓi nata.

Sadiq Tudun Jukun:
Malam, akwai sauran abu ɗaya. Sun ce daga baya suna so a ƙara Larabci, wasu malaman ma sun fi sakewa da ajami. Layukan nan za su juya da kansu?

Malam Nura:
Za su juya in ka ba su dama. Android ya san rubutun dama zuwa hagu sosai tun 4.2. Ka tabbata supportsRtl yana kunne a manifest, sannan ka bi shafinka ka kori duk left da right, ka mayar da su start da end, har da barrierDirection da margin. In ka yi haka, a Larabci Guideline na 0.45 zai auno daga dama, Barrier ya tsaya a hagun laƙabai. Wanda ya gauraya, ya ɗaure wani abu da Left wani da Start, shi ne zai ga akwati ya hau kan laƙabi.

Ajami kuwa sai ka kula. Wayar da aka saita a Hausa boko take ɗauka, hagu zuwa dama. Haruffan ajamin za su jeru daidai a cikin laƙabinsu, amma shafin ba zai juya don ya ga haruffan Larabci ba. Kai za ka sa layoutDirection ya zama rtl a uwar shafin idan mai amfani ya zaɓi ajami. Kuma wasulan sama da ƙasa suna ƙara wa layi tsayi, don haka kada ka yanke wa laƙabi tsayi da lamba. Ka ɗaure laƙabi da akwatinsa ta layout_constraintBaseline_toBaselineOf, rubutun biyu su zauna a gindi ɗaya.

Zainab iOS:
Lambar waya fa, Malam? Ita ai ba ta juyawa.

Malam Nura:
Ba ta juyawa. Akwatin ya koma hagu, amma ka sa masa textDirection ltr, don kada lambar da aka rubuta da tazara a tsakani ta hargitse.

Kabiru Bakano:
Don gwaji ba sai ka iya Larabci ba. A Developer options akwai Force RTL layout direction, ka kunna ka ga shafinka a juye. Show layout bounds ma na nan, yana zana iyakar kowane abu. Amma kada ka tsaya neman layukanka a can, ba su da kauri, a Android Studio za ka gan su, ɓangaren shuɗin zane.

Malam Nura:
Ashe Bakano ya san XML, ɓoyewa yake yi.

Sadiq Tudun Jukun:
Na gwada yanzu a Itel ɗin da Tecno tawa. Barrier a ƙarshen laƙabai, Guideline a 0.45 ya zama iyaka. Laƙabin mariƙi ya koma layi biyu, sauran layi ɗaya, akwatuna duk sun fara daga wuri ɗaya. Sai dai layin da ke ƙarƙashin laƙabin mai layi biyu ya matso ya kusa taɓa shi, saboda da ƙasan akwatin sama na ɗaure shi, laƙabin kuma yanzu ya fi akwatin saukowa.

Injiniya Bashir:
Wani Barrier ɗin za ka ƙara, a kwance. barrierDirection ya zama bottom, ka ba shi laƙabin da akwatinsa, layi na gaba ya ɗaure samansa da shi da tazarar 8dp ko 16dp. Duk wanda ya fi saukowa a cikin biyun, shi zai tura. Ba sai ka yi wa dukkan layuka ba, sai waɗanda laƙabinsu zai iya karyewa.

Hajara UI:
In an ƙara girman rubutu dukkansu za su iya karyewa. Barrier takwas ke nan a kwance, ɗaya a tsaye, ga Guideline. Sadiq, ka haɗa wancan na laƙabi a sama ma, minti ashirin ne. Ka kai wa shugaban duka biyun a wayarsa, rubutu a girman da ya saba, ka miƙa wa malami mafi tsufa ya cike da hannunsa kana kallo.

Sadiq Tudun Jukun:
Zan yi haka in sha Allah, Asabar suna da zama bayan la'asar. Injiniya, akwai layin "Sunan makarantar boko" da nake ɓoyewa in yaro ba ya zuwa boko. In ya zama gone, wato an ɓoye shi har ba ya cin fili, Barrier ɗin zai ci gaba da lissafa shi?

Injiniya Bashir:
A yadda yake zuwa, e, yana lissafa wurin da abin ya tsuke ya koma. Faɗinsa ya zama sifili, don haka a na tsaye ba zai dame ka ba. In ka ga na kwance ya yi tsalle, sa barrierAllowsGoneWidgets ya zama false. Laƙabin da akwatin kuma ka haɗa su a Group ɗaya ka riƙa ɓoye su tare, sannan ka duba layout_goneMarginTop na layin da ke biye. Turo XML ɗin in ka gama in duba.